Kifin da Na Yi wa Azumi

Wasiƙar ta iske ni a Bagudo, watanni kaɗan bayan an sauke tutar Bature. Daga abokanmu biyu ne na elemantare, tela da mai gyaran keke, waɗanda neman abinci ya kai su wani gari bayan Lolo, cikin ƙasar Dahomi. Shekara tara rabonmu da su. Suka ce mu zo ranar kasuwa, ni da abokina Bafulatani, malamin dabbobi, za su kai mu rumfar wata Badendiya, 'yar ƙabilar Dendi, da ke gasa giwan ruwa har da tebur da kujeru. Tela ya cinye rabin takardar wajen kwatanta kifin nan, gaisuwa kuwa layi biyu ta samu.

Ni mutum ne mai ci, ban taɓa ɓoyewa ba. Tun daren jajibiri na rage tuwo, da safe amaryata ta kawo koko na ce ta ɗauke. Wata huɗu ke nan da aurenmu, ta dube ni kamar wanda ya taɓu.

Motar kasuwa muka shiga zuwa Dole Kaina, a saman buhunan gero. Duk inda aka tsaya sai masu ƙosai da rogo su yanyame mu. Ni na ƙi saye don ina tanadin ciki. Abokina kuwa bai taɓa kai loma baka a gaban jama'a ba, haka aka tashe shi. Nan na sami abin yi.

"Kai Fullo," na ce, yadda kowa zai ji, "yau za mu gani. Can fa bisa tebur aka ci, tsakar kasuwa. Ko mu sa a gina maka bukka?"

'Yan mota suka kwashe da dariya. Ya gyara malafarsa kawai.

Ban bar shi ba. A cikin jirgin da ya ƙetare da mu kogin Kwara na kwaikwayi yadda yake juya baya in zai sha ruwa, har mai tuƙi ya kusa sakin filafili. Na ce masa kada ya damu, rabonsa ba zai lalace ba, ina nan. Sai da muka taka tudu ya ce, "Kaɗo, bakinka dai ba ya gajiya." Ya yi gaba abinsa.

Bayan la'asar muka isa. Aka rungumi juna, aka zagi juna, aka ƙirga wanda ya yi tumbi da wanda sanƙo ya fara kamawa. Suka kai mu rumfar. Ƙanshin kifi da barkono ya doke ni. Ina wanke hannu sai abokina ya ce zai zaga kasuwa ya dawo. Na bi shi da ihu cewa ya gudu.

An ajiye tiren ke nan, kifi kwance tsawon hannuna, ga albasa ga tumatir, sai na ji sallama da muryar da na sani. Surukina ne, mahaifin amaryata, mutumin Geza mai fataucin goro. Na manta sarai cewa ba ya fashin wannan kasuwa. Abokina na bayansa, riƙe da buzunsa da butarsa kamar yaron kirki.

"Baba na ishe shi kaɗai," in ji shi, "nac ce ina, ga ɗanai nan kusa, ba ya kwana da yunwa ba."

Na zame daga kujera na durƙusa na kwashi gaisuwa. Aka zaunar da tsohon a kujerata. A wajenmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, balle ango na wata huɗu. Tela ya san haka, mai keke ya sani, suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa.

"Matso mu ci, yaro," in ji Baba.

"Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi. Mun ci bisa hanya."

"Ƙwarai kuwa," in ji munafukin. "Tun sahe bakinai bai huta ba."

Na koma bakin rumfa na tsuguna. Ina ji ana ɓare kifin, ina jin tsohon yana tsotsar kai a natse, yana sa wa mai rumfa albarka. Abokina ya ɗebi nasa a akushi, ya zaga bayan zana inda ba mai ganinsa, yadda ya saba tun muna yara. Wallahi na ji haushi, na ji yunwa, kuma na san ni na jawo.

Da aka yi magariba muka raka Baba masaukinsa. Daga nan muka kama hanyar gidan tela. Muna kaiwa gindin wata tsamiya abokina ya riƙe hannun rigata, ya bari sauran suka yi gaba. Ya ciro ƙunshin ganye daga aljihu ya miƙo mini. Tsakiyar kifin ce, inda ba ƙaya, rabonsa duka. Ashe ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ni na saba. Ci, Kaɗo."

Ya juya mini baya, ya tsaya yana tsare hanya har na gama.