Tambayar Da Yaya Kulu Ta Bari

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran Yaya Kulu, kuma bana ce shekarar farko da na ji a raina cewa gara da ba ta nan. Allah ya yafe mini wannan magana. Amma da tana raye ta ga abin da idona ya gani a taron ƙungiyarmu na watan jiya, wallahi hawan jini ne zai kai ta ƙasa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da ita. Nas ce, ni ma bayanta na bi. Ita da wasu abokan aikinta suka kafa ƙungiyar masu kula da tsofaffi, aka fara zama kan tabarmi a tsakar gidanmu na Gwadangaji. Akwai nas-nas, akwai ungozomomi, akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a. Ga Kabawan Argungu, ga Fulani, ga Zabarmawa, ga Dakarkari, har da wata Bayarabiya mai ba da magani wadda Hausarta ke sa mu dariya, ita ma tana taya mu.

Doka ɗaya Yaya Kulu ta kafa, ba ta kuwa yarda a taɓa ta. Ba a buɗe taro sai gaisuwa ta zagaya, kowa ya tashi ya gaida jama'a da harshen da ya sha a nono. In ka gama, sai ta dube ka ta ce, "Wa kab baro gida?" In mace ce, "Wa kib baro gida?" Nufinta, wane tsoho ne ke kwance a unguwarku ba mai duba shi. Ta ce mutum ba ya iya faɗin ciwon gidansu da bakin aro, sai ya saki jiki tukuna. Haka kuwa abin yake. Bafulatana ba za ta buɗe baki ta ce surukarta ba ta cin abinci ba, sai an yi gaisuwa an sake, an tambayi shanu an tambayi yara. A irin wannan zagayen muka ji labarin wani tsohon masunci a Gulma da ruwa ya cinye wa yatsun ƙafa, kafin a tashi an san wadda za ta je ta wanke masa. Taron ma yawo yake yi, wannan wata Birnin Kebbi, wancan Argungu, kuma ba a kiransa lokacin yankan shinkafa. In wani ya yi ƙorafi cewa gaisuwa na cin lokaci, cewa take, "To wane aiki ya tara mu in ba shi ba?"

Yanzu ƙungiya ta girma, ban ƙi ba. A otal ake zama, sanyi na kaɗawa, ga hoton Yaya Kulu ƙato a bango. An soke gaisuwa, wai ɓata lokaci ce. An daina zuwa Argungu, wai hanya. Turanci ake yi daga buɗewa har rufewa, sanarwa kuwa sai mai babbar waya ke ganinta. Sannan, don Allah ku ji abin takaici, taron watan jiya an kira shi ne don a gano me ya sa 'yan ƙungiya na ƙauyuka da na sauran ƙabilu suka daina zuwa! Har masani aka ɗauko daga nesa ya zo ya faɗa mana.

Ana shirin farawa sai ga Gwaggo Hassi ta shigo da sanda. Bazabarma ce, tsohuwar ungozoma, tana cikin waɗanda suka zauna kan tabarmar farko. Daga Argungu ta shigo mota ita kaɗai. Ta miƙe yadda ta saba, ta ce "Fofo," ta soma gaisuwa da Zabarmanci. Shugabanmu, yaron da Yaya Kulu ta koya wa ɗaure ciwo da hannunta, ya ƙwanƙwasa lasifika ya ce, "Mama, a yi haƙuri, wannan ba ya cikin ajanda." Wasu har da 'yar dariya. Ta koma ta zauna. Kafin a raba abinci ta fita, ba wanda ya raka ta bakin ƙofa. Ni dai na tashi na faɗa wa shugaba abin da ba zan maimaita a jarida ba. Ƙungiyar tsofaffi ta hana tsohuwa gaisuwa a gaban hoton Kulu! Haba jama'a.

Tun ranar nake tambayar kaina me ya saura na yayata. Ba hoton ba ne, masu shara ma sun fi kowa kallonsa. Ba sunan da ake yabo a jawabi ba ne. In akwai abin da ta bari, wannan tambayar ce, kuma tambaya ba ta rayuwa sai da bakin da zai yi ta da kunnen da zai jira amsa.

Shi ya sa washegarin taron, da gari ya waye, na kama hanyar Argungu. Na sami Gwaggo Hassi a ɗaki ita kaɗai, 'ya'yanta duk suna nesa. Na zauna na ce, "Gwaggo, ƙarasa gaisuwarki." Ta ƙarasa ta tsaf, ba ta tsallake kowa ba, har shugaban sai da ta tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa. Da ta gama, na yi mata tambayar da ba a bari ta kai gare ta ba.

"Gwaggo, wa kib baro gida?"

Ta janye zanen da ta lulluɓe ƙafarta. Ta kumbura har gwiwa, diddigen ya yi baƙi, ciwon suga ya ci shi.

"Ba kowa, ɗiyata," ta ce. "Shekara da shekaru ciwon mutane nika kawo muku. Rannan kaina nik kawo."