Jajayen Kajin Inna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hauwa. Bayan girbi ta rasu, kuma duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadaka, in kira 'yan'uwa mu yi mata addu'a, sauran abin da ke raina in bar shi a ciki. Bana kam na kasa yin shiru, saboda wani abu da ya faru a tsakar gidana a nan Birnin Gwari, wanda na so a ce tana nan ta gani.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Kaji ta bari. Jajaye ne, masu gajerun ƙafafu da faɗin ƙirji, irin da ta taho da shi daga gidan uwarta lokacin da aka kawo ta ƙauyenmu, can gefen Kusasu, a bakin daji. Ba su da wani kyau na a zo a gani, amma ban taɓa ganin kaji masu riƙon kwanci kamarsu ba. Idan ɗaya ta hau gurbi, ko tsaba ka watsa a gabanta sai dai ta harare ka. Idan kuwa ta fito da 'yan tsaki, shirwa ma sai ta yi shawara kafin ta sauko.

Ita ma Innar haka take da su. Ƙwan da za a kwanta wa da hannunta take zaɓa, ta ajiye mai tsawo da mai tsaga gefe, ta ja wa sauran layi da gawayi don kada su cakuɗe da sabon da wata kazar za ta zo ta saka. Ta zuba toka a gurbi, ta shimfiɗa ganyen darbejiya saboda ƙwari. Mu da muka tashi a gidan muna kallon ƙwai kamar a mafarki. Sai baƙo ya zo, ko wani ya kwanta ciwo, sannan za a fasa.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne rabo. Da zarar 'yan tsaki sun yi fiffike, sai ta kama sagara da ɗan zakara ta aika wa wata a Tsohon Birnin Gwari, wata a ƙauyen gaba, wata a tsallaken rafi. Na taɓa ce mata wannan kyauta ta yi yawa, mu da ko miyar kaza sai da salla. Ta ce, "Wa ya ce miki kyauta ce? Ajiya nake yi. Ciwon kaji gida ɗaya yake sharewa, ba ya share gari bakwai a rana guda." Na tura baki na tafi, ita kuma ta ci gaba da abinta.

Ba ciwon kaji ne ya share namu ba. Inna ta rasu zaman daji bai kai ga gagara ba, kuma har yau ina gode wa Allah da bai nuna mata ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyen ba. Wanda ya fito da ransa da yaransa a kan babur ba ya waiwayar akurki. Da ƙura ta ɗan lafa mijina ya leƙa, bai tarar da ko gashin kaza ba. Na yi kukan kajin nan fiye da yadda na yi kukan ɗakina, har kunya ta kama ni, don a lokacin mutane sun rasa abin da ya fi kaza. Matan da Inna take aika wa kuwa, su ma kowa ta kama gabanta, ban san inda zan nemi ko ɗaya ba.

A gari sai na koma kiwon kajin gidan gona, farare, waɗanda ba su san kwanci ba balle reno. Na sayi ɗan ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola da batir, ina zuba ƙwai, bayan mako uku in kwashe 'yan tsaki in sayar wa mata. Sau da yawa nakan tsaya a gabansa in tambayi kaina me Inna za ta ce. 'Yan'uwana sun ce da ta tsine masa. Ni ban yarda ba. Na san Inna da son ganin ƙwaƙwaf. Da ta zagaya shi, ta kara kunne, ta ce a buɗe mata ta ga inda uwar take ɓoye, sannan ta tambaya ko idan shirwa ta zo shi zai fito ya yi faɗan. Bayan ta gama tsiyarta kuma, na tabbata da ta kawo ƙwanta ta ce a gwada.

A tsakiyar daminar da ta wuce, wata rana da hantsi, sai ga sallama. Mama Saratu ce, aminiyar Inna tun suna amare, Bagwariya ce daga tsallaken rafinmu. Tare suke zuwa itace, Inna ta kai mata tuwon salla, ita ta kawo mana shinkafar Kirsimeti. Ta tsufa ƙwarai, ga ƙwarya a rungume a ƙirji an ɗaure bakinta da tsumma. Ko ruwa ba ta sha ba ta kwance. Dusa ce cike, a cikin dusar ƙwai takwas.

Ta ce, "Talatu 'yata, ajiyar uwarki ce. Tsohuwar kaza ɗaya da zakara ɗaya suka rage mini, da su na gudo. Ɗana zai tafi da ni Kaduna, ya ce gidan haya ba a kiwo. Zakaran ya mutu shekaranjiya. Wannan ne ƙwan ƙarshe da ya taka."

Na ce, "Mama, ina kazar?"

Ta ce, "Ta daina kwanci, ta tsufa kamar ni. Ke dai ki san yadda za ki yi."

Ran nan na fitar da duk ƙwan da ke cikin injin na soya wa yara, na jera takwas ɗin nan su kaɗai. Idan suka lalace, shi ke nan, irin da ya bi kakata ya bi uwata ya ƙare a hannuna. Mako biyu komai lafiya. A na uku sai marka ta sauka, irin wadda rana ba ta ko leƙowa. Sola ta daina ja, wutar gari kuwa dama ba a maganarta. Na wayi gari fitilar injin ta mutu, na taɓa ƙwai na ji su da sanyi.

Na naɗe su a zani na ɗaura a cikina, na yafa mayafi na shiga unguwa gida gida ina tambayar mai kaza a kan kwanci. Wasu suka yi mini kallon wadda ta taɓu. A gida na huɗu ko na biyar na tarar da maƙwabciyarmu Asabe riƙe da wata baƙar kaza a bakin baho, za ta tsoma ta a ruwa don ta saki kwanci, wai ta ishe ta da zama a kan gurbi babu ƙwai. Na ce, "Don girman Allah, Asabe, dakata!" Ta ba ni aronta tana dariya, ta ce in na ga dama ma in riƙe.

Kafin in sa wa kazar ƙwan, na yi abin da na sha ganin Inna tana yi idan ƙyanƙyasa ta kusa. Na zuba ruwa mai ɗumi a ƙwarya, na saka ƙwan a hankali, na jira ruwan ya natsu. Baragurbi ba ya motsi. Mai rai kuwa, ɗan tsakon da ke ciki yakan shura, sai ka ga ƙwan ya girgiza shi kaɗai. Na tsuguna ina kallo, ba abin da ya motsa, har na fara share hawaye. Can sai ɗaya ya karkata. Sai wani. Biyar suka amsa. Na tsame su na goge, da magariba na tura su ƙarƙashin baƙar kazar, ta gyara zama ta ja su da baki kamar ita ta saka.

Duka biyar suka fito, jajaye, da gajerun ƙafafunsu. Ɗaya bai yi kwana biyu ba ya mutu. Da suka tasa, uku suka nuna sagaru ne ƙarara. Na huɗun wani ƙanjamamme ne, ba tsoron zakara a ka, ba jela, kullum a bayan 'yan'uwansa. Idan shi ma mace ce, to zakarun unguwa ne za su taka su, nan da haihuwa biyu jan ya wanke, gajerun ƙafafun su miƙe. Wata da watanni ina dubansa safe da yamma, har mijina ya ce ko shi ban taɓa yi masa irin wannan kallo ba.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Inna, ba shi da yawa a ido. Ɗakinta ya rushe, kabarinta yana inda ba ma iya zuwa. Amma ta bar amana a hannun mutanen kirki, har wata tsohuwa ta ɗauko kaji biyu a ranar da kowa ke ɗaukar ransa. Ina godiya ga Mama Saratu, da Asabe da baƙar kazarta, har da injin da ya yi iya nasa. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta.

A makon jiya ina shara da safe, sai ƙanjamammen nan ya haye turmi, ya miƙa wuya, ya saki wata irin cara a shaƙe, rabi kuka rabi tari. Na yar da tsintsiya na ɗauko waya na kira Kaduna. Ko gaisawa ba mu gama ba na ce, "Mama, saurara." Na miƙa wayar, shi kuwa kamar ya sani, ya sake yi.

Na ji ta ja hanci, sannan kamar Inna ce a gabanta, ta ce, "To, Hauwa, na sauke. Kayanki sun isa gida."