Ranar da Na Kori Yayan Budurwata Daga Fili

Na yi shekaru ina busa usur, tun daga filayen makarantun Daura har manyan gasannin jiha, amma akwai jan kati guda da ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, duk majalisar da ka zauna zancen adalci ake yi. Ni kuwa ina saurayi, sabon alƙalin wasa, ban taɓa korar kowa ba. Abokaina har tsokanata suke yi, wai gara za ta cinye jan katin a aljihuna.

Sai aka ba ni wasan ƙarshe na kofin matasa, Mashi da Baure, aka kuma ce wani babba daga Katsina zai zo ya ga aikina don a ɗaga matsayina. Matsalar ita ce, ɗan bayan Baure, wani ƙato da kowa ke shakka, yayan yarinyar da nake nema ne, har manyana sun kai gaisuwa. Na faɗa wa shugabanninmu, suka yi dariya suka ce in za a bi dangantaka a ƙasar Daura, babu mai busa wasa.

Bayan la'asar aka fara. Ana kunnen doki, wasa ya kusa tashi, sai ɗan gaban Mashi ya kufce da ƙwallo. Yayan nan ya bi shi ya shigar masa da ƙafa biyu ta baya. Mutumin ya faɗi yana birgima. Kafin zuciyata ta gama shawara, hannuna ya ɗaga katin.

Ya zaro ido ya ce, "Kai! Ni za ka kora?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, fita za ka yi."

Ya ce, "Za ka zo gidanmu ka same ni."

Mashi ta ɗauki kofi, ni kuma na ɗauki fargaba na kai gida. Na yi kwanaki ban taka Baure ba, sai ga saƙo daga mahaifinsu, wani dattijon dillalin shanu marar yawan magana, wai yana nemana. Na roƙi kawuna ya raka ni. A hanya yana ta faɗa, wai usur ya raba ni da mata.

Muka zauna a zaure, yayan yana gefe ya haɗe rai. Dattijon ya dube ni ya ce, "Kai ne ka kunyata ɗana a gaban jama'a?"

Na ce, "Baba, doka ce ta..."

Ya katse ni. "Ai ina wurin. Daga kasuwar shanu nake, na tsaya bakin fili. Da ka ƙyale shi, da sandar nan zan shiga in fito da shi. Ko bijimina ba ya kai tunkuyi ta baya!"

Kawuna ya fashe da dariya, yayan ma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Nan take dattijon ya umarce shi ya hau babur ya je Mashi ya duba wanda ya ji wa ciwo, sannan ya juyo ga kawuna suka shiga zancen sa rana. Da na ga yarinyar daga baya, cewa ta yi, "Mu dama a gidan nan mun rasa mai ce masa fita."

Matsayin ya zo, auren ma ya zo. Yau yayan nan shi ne babban aminina, da shi nake shawarar komai. Tun daga ranar na gane cewa mutumin kirki ba ya gudunka don ka yi gaskiya, ko da a kan nasa ta faɗa; a nan ne ma yake yarda ya damƙa maka amanarsa.