Mu Shida Ne

Ɗis, ɗis, yayyafi ya fara sauka a kan ƙarfen mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki da ke tagarmu, yau da hantsi, sai na tuna Ammu, dattijon gidan hayarmu a unguwar Bani Malik, a ƙasa mai tsarki.

Ranar da ambaliya ta shigo, shi ya tsaya a matakala. "Mutum ɗaya zai yi magana, saura su saurara," ya ce. Ya ɗora wa kowane hawa shugaba, ya sa wani ya kashe lantarki, wani ya kira masu ceto, sannan ya bi mu ƙofa-ƙofa da takarda. "Ku nawa ne?"

Na ce biyar. Gwaggona tana ɗakin ƙasa, ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, na ji tsoron a rubuta sunanta.

Ya daɗe yana dubana. "'Yata, ruwa ba ya tambayar iƙama."

"Mu shida ne, Ammu."

Kowa yana bakin aikinsa, don haka shi ya sauka cikin ruwa mai warin kwata, har ƙirji, ya fito da ita a goye. Tarin da ya kwaso ranar bai bar shi ya ga azumi ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini ƙaryata.

Autata ta ga ina share hawaye, ta ce, "Umma, in ruwa ya zo, ki ƙirga da ni."