Ba a Faɗi Rahila Ba

Wata Laraba ce cikin bazarar shekarar da na shiga aji uku a lakwal, ana tsakiyar cirar albasa, Baba ya dawo da ƙanwata Rahila daga asibiti a kan amalanken jaki. Sanƙarau ne ya kama ta, har mun fid da rai. Na sheƙa da gudu na tarbe su, ta dube ni tana murmushi. Sai tasa ta suɓuce daga hannun Inna ta faɗi a bayan Rahila. Kaji suka watse, jaki ya zabura, Rahila ko gezau. Shekarunta huɗu a lokacin, kuma tun daga ranar ba ta ƙara jin komai ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tsarnawa da Malbaza, gidajen Kirista kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kowace Laraba da la'asar mata sukan taru a 'yar majami'armu ta laka. Shugabarsu, Gwaggo Saratu, ita ke faɗin roƙe-roƙen mutane ɗaya bayan ɗaya a yi addu'a, wadda Ubangiji ya amsa wa kuma ta miƙe ta ba da shaida, a rangaɗa guɗa. An roƙi ruwa, ya sauka. An roƙa wa wata haihuwa, ta samu tagwaye. Kai, har akuyar da ta ɓata an roƙa, ta dawo da ciki! Kunnen Rahila kuwa shiru. Maƙwabtanmu Musulmi sun tsaya mana, wannan ta kawo man ɗigawa, wancan ya kawo sassaƙe. Wani kawunmu ya ce a kai ta wurin 'yan bori a Konni, Inna ta yi masa godiya ta ce, "Ni ƙofa guda na sani."

Ni na zama kunnen Rahila. In za mu rijiya ina riƙe da ita, in mota ta taho a kan babbar hanya ni ke fizgo ta. A dandali takan kalli ƙafafun 'yan gaɗa ta yi tafi inda ba a tafi, yara su kwashe da dariya suna kiran ta bebiya, ni kuma in tuɓe ɗankwali a yi ta dambe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan kalmomin da ta iya, suka riƙa zubewa daga bakinta ɗaya-ɗaya. "Inna" ce ta ƙarshe da ta tafi.

Da shekaru suka ja, Gwaggo Saratu ta fara tsallake sunan. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, ta ga tsohon miki ake ta famawa. Amma da an zo rufewa sai Inna ta miƙe ta ce, "Ba a faɗi Rahila ba." Mata su sunkuyar da kai, ni kuma in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata rana muna daka, haushi ya ciyo ni na ce, "Inna, wai shi ma Allah sanƙarau ya kama shi ne?" Na jira mari, bai zo ba. Ta jingine taɓarya, idanunta suka cika, ta ce, "Ban san mi ya sa ya yi shiru ba, ɗiyata. Amma in na bar kiran shi, wa za ni kira?" Ta ɗauki taɓaryar muka ci gaba da daka.

Yau ina zaune a Konni. Yanzu roƙon addu'a ta waya ake tura shi, in an kwana biyu ba amsa sai a nemi wani fasto. Rahila tana sayar da albasa, tana da 'ya'ya uku, ba ta taɓa jin kukan ko ɗayansu ba. Inna ta rasu bara da damina, tana roƙa wa ƙanwata har bakinta ya daina motsi, kuma da alamar hannu na shaida wa Rahila rasuwar. Har yanzu nakan durƙusa in kira sunan ƙanwata gaban Yesu, wata rana da hawaye, wata rana da fushi, don ni ban iya ɓoye masa ba. Addu'ar ce Inna ta bar mini, haƙurin kuwa da shi ta tafi.