Gaisuwar Darini a Ɗakin Jarrabawar Turkanci

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yarda da gaisuwar tsaye ba. In ya aike ka wurin dattijo a ƙauyenmu Darini ka dawo da wuri, sai ya ce, "Ka tambayi shanunsa? Koma." Wallahi na sha komawa ina ƙunƙuni.

Da na samu gurbin karatu a Turkiyya, aka ce sai na yi shekara guda a cibiyar koyon harsuna ta jami'ar. Duk wanda ya faɗi jarrabawar baka ta Turkanci, gida zai dawo. Ni da aka rako har tashar Batsari kamar mai tafiya Makka, in dawo hannu rabbana? Ina!

Malamarmu tsohuwa ce. Tana nan tun cibiyar tana ɗaki biyu, Turkanci kaɗai ake koya wa baƙi. A kan idonta aka ƙaro Larabci da Ingilishi da sauransu, har aka ɗora bene. Ba ta dariya, tsoronta muke ji.

Ranar jarrabawa minti goma aka ba kowa. Na haddace dogon bayani a kan birnin da muke zaune. Ina shiga na ga furfurar malamar, sai jikina ya riga ni, na durƙusa. Da gurgun Turkancina na tambaye ta kwana, gajiya, iyali, jikoki. Tana amsawa tana kallona. Na ce ya dabbobi? Ta ce kyanwa ɗaya gare ta, kuma kwana biyu ba ta cin abinci. Na yi mata jaje, har na zarce da yadda muke jiƙa wa akuya dusa da kanwa in ta ƙi ci. Lokaci ya cika, ko kalma ɗaya ta haddar ban faɗa ba.

Na fito ina zagin kaina. Ɗan ƙauye dai ɗan ƙauye ne.

Sakamako ya fito, ashe na ci. Malamar ta tare ni ta ce, "Shekara da shekaru ɗalibai hadda suke kawo mini. Kai hira ka yi da ni." Har gobe ina yi wa matar nan addu'ar alheri.

Na kira Baba, na ce gaisuwarsa ce ta cece ni, na gode. Sai ya ce, "Maigidanta fa, ka tambaya?"

Na ce na manta.

Ya ce, "Koma."

Na kuwa koma, kuma ranar ban yi ƙunƙuni ba.