Mangwaron Garba a Gonar Aro

Birnin Kebbi

Ina sallame asuba na rataya jaka na fito daga unguwarmu Gesse a ƙafa, don ko ɗan kabu-kabu ɗaya babu a titi. Lokacin jiharmu sabuwa ce fil, ofishinmu na gandun daji ɗaki guda ne, motarmu kuwa ta daɗe a kan duwatsu. Aikina koya wa samarin ƙauye renon dashe: su cika leda da ƙasa da taki, su tsirar da mangwaro da gwaiba da dogon yaro su sayar, maimakon saran itace suna kaiwa kasuwa. Saƙon Garba ne ya tayar da ni, saurayin da ya fi kowa hannu cikin waɗanda na koyar. Wai mai gonar da yake nomawa zai karɓe abarsa, ga tsohuwa da ƙanne duk a wuyansa.

A tasha ana wahalar mai. Sai da rana ta fito motar fijo ta cika, aka matse mu a baya kamar kifi a kwando, buhun gishirin wata mata a kan ƙafata.

Zauro

Nan muka tarar da shinge. Ɗan sanda ya leƙo, direba ya fita suka gaisa irin tasu. Muna wucewa mota ta tafasa, muka sauka muka tsaya gefen fadama muna kallon masu cirar shinkafa. Direba na zuba ruwa ya dube ni.

"Malam, wane aiki kaka yi?"

Na ce dashen itace.

"To madalla. Ku dasa, mu ƙone, kowa na aiki nai."

Ban ko yi dariya ba, bayana ya riga ya ƙage.

Argungu

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga. Na sayi soyayyen kifi a bakin tasha, na kora da fura, sannan kabu-kabu ya kai ni bakin gulbi. Kwalekwale ya ƙetarar da ni, na ƙarasa ƙauyen da ƙafa, takalmi a hannu.

Inna Hajo, mahaifiyar Garba, ta kawo mini ruwa ba ta dube ni ba. Garba ne ya faɗa mini yadda aka yi. Gonar ta Alhaji Umaru ce, ya ara wa mahaifin Garba, da mahaifin ya rasu ya bar musu suna ci. Shi kuma don masu saye su ga kyan irinsa, sai ya fitar da mangwaro daga leda ya jera a bakin gonar. Sun kama, har sun kai gwiwa. Ina jin haka na gane matsalar, don a ƙasar nan ba a dasa itace a gonar aro.

Muka sami Alhaji a zaure. Na gaishe shi, na yi ta bayanin inuwa da zaizayar ƙasa. Ya bari na gama.

"Malam, shinkahwa yanke ta aka yi a tashi. Icce ba shi tashi. Ran da babu ni, ɗiyan Garba su ce ga iccen ubansu, gona tasu ta. Ni ma ina da ɗiya."

Na ce, "Ranka shi daɗe, to a bar maka mangwaron, ya zama naka."

"Wanda yad dasa shi ad da icce. Kowa ya san hakanga."

Na roƙa har na gaji da jin muryata. A ƙarshe ya ce Garba ya ci gaba da noma, amma ya tuge mangwaron da hannunsa, a gaban shaidu, kafin rana ta faɗi.

Haka aka yi. Bayan la'asar dattawa biyu suka tsaya, Garba ya durƙusa da fartanya yana haƙa a hankali don kada ya yanke saiwa. Ya mayar da kowanne cikin leda, ya jera su a kwali, ya ɗora mini.

"Malam, tahi da su."

Na ce ai renon yana nan, ya ci gaba da sayarwa.

"In sayar ma wa? Duk samarin garinga gonar aro muka noma."

Wallahi na ji tausayinsa har cikin raina. Na kwana a Argungu wurin wani abokina malamin makaranta, sauro ya ci rabonsa.

Komawa

Da safe direban wata bas ya ce kwalin sai a but, wurin kaya, na ce a cinyata zai zauna. Na iso Gesse da azahar, rigata duk laka, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Ban huta ba na ɗauki fartanya na zagaya bayan ɗaki. Uwargida ta tsaya a kaina tana kallo.

"Malam, ka manta gidan nan na gwamnati ne? Mu ma fa aro muke ciki."

Na daɗe a tsugune da dashen a hannu. Sannan na haƙa rami, na ce ta miƙo mini bokitin ruwa.